Tarihin Wasan MUD na Jami'ar Essex da Tsarin Muƙamansa

Gabatarwa

Galibin mutane idan aka ambaci wasan kwamfuta, abin da kan zo musu a rai shi ne hotuna masu motsi da ƙarar bindigogi. Wasan da wannan lacca za ta yi magana a kansa kuwa ba shi da hoto ko ɗaya, ba shi kuma da sauti. Rubutu ne zalla, ɗan wasa ya rubuta abin da yake so ya yi, kwamfuta ta rubuto masa abin da ya faru. Duk da haka masana tarihin wannan fanni suna lasafta shi a matsayin kakan manyan wasannin intanet waɗanda dubban mutane kan shiga lokaci guda, kowa ya sa rigar wani jarumi, su yi yawo cikin duniyar almara.

Sunan wasan MUD, kuma ɗalibai biyu ne suka ƙaga shi a Jami'ar Essex da ke Colchester a ƙasar Ingila, daga shekarar 1978. Abin da ya sa ya cancanci nazari ya wuce tsufansa. Waɗanda suka tsara shi sun fuskanci tambayar da kowace al'umma kan fuskanta, watau wa ya kamata ya hau sama, kuma da wace hujja. Amsar da suka bayar tana cikin dokokin wasan, saboda haka za a duba asalinsa, da yadda ake yinsa, da abin da magadansa suka riƙe da abin da suka yar.

Asalin wasan

Abubuwa biyu ne suka share wa MUD hanya, dukansu daga Amurka. Na farko shi ne wasan Dungeons & Dragons wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974. Ana yinsa ne a kan tebur da takarda da fensir, mutum ɗaya ya zama mai ba da labari kuma alƙali, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda, ana jefa ƙwayoyi masu lambobi domin yanke hukuncin faɗa. Na biyu shi ne Adventure, wanda Will Crowther ya rubuta wa kwamfuta wajen 1976, Don Woods na Jami'ar Stanford ya faɗaɗa shi a 1977. A cikinsa kwamfuta ce ta karɓi aikin mai ba da labari, tana bayyana wa ɗan wasa kogo da dukiyar da ke ɓoye a ciki. Daga baya wasu masana kwamfuta a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts suka yi irinsa mai suna Zork, wanda wani bugunsa ya yaɗu da sunan Dungeon. Sai dai duk waɗannan na kwamfuta mutum ɗaya ke yinsu, shi kaɗai cikin kogonsa.

A wannan zamani kwamfuta babbar kadara ce, jami'a kan mallaki guda ɗaya mai cika ɗaki, jama'a su yi amfani da ita tare ta hanyar akwatunan rubutu da aka jona mata. Ta Essex ƙirar PDP-10 ce ta kamfanin DEC. A ƙarshen 1978 wani ɗalibi, Roy Trubshaw, ya gano dabarar da za ta sa mutane da yawa su riƙa karantawa da rubutawa a sashe ɗaya na ma'ajiyar na'urar a lokaci guda. Ma'anar wannan ita ce, idan wani ya ɗauki takobi daga wani wuri, duk wanda ya zo bayansa zai tarar babu takobin. Da wannan dabara ya gina wasansa, ya sa masa suna MUD, haruffan farko na kalmomin Turanci uku masu nufin kurkukun ƙarƙashin ƙasa na mutane da yawa, domin tunawa da Dungeon ɗin da ya saba yi.

Trubshaw ya sake rubuta wasan da harshen kwamfuta mai suna BCPL, amma jarrabawar ƙarshe ta matso, sai ya miƙa aikin a 1980 ga abokinsa Richard Bartle, wanda ke bayansa a karatu. Trubshaw ne ya kafa harsashin ginin, Bartle kuwa shi ya shimfiɗa yawancin ƙasar da ake yawo a ciki, ya kuma tsara makin da muƙaman. Cikin wannan shekara ta 1980 aka sami hanyar sadarwa daga Essex zuwa ARPANET, watau uwar intanet, har wasu daga Amurka suka leƙo. Bayan haka jami'ar ta yarda mutanen waje su riƙa shiga, amma da sharaɗin sai lokacin da ba a bukatar na'urar, daga misalin ƙarfe biyu na dare zuwa safiya. Duk da wannan sharaɗi mutane suka riƙa hana idonsu barci suna jiran a buɗe ƙofa.

Yadda ake wasan

Mai shiga yakan fara da zaɓa wa kansa suna, ya kuma faɗi ko namiji yake so ya zama ko mace. Wannan halitta ita ce wakilinsa a cikin wasan, tana da ƙarfi da zafin nama da juriya, kowanne da adadinsa. Daga nan sai ya tsinci kansa a kan wata siririyar hanya, kwamfuta ta bayyana masa abin da ke kewaye da shi cikin 'yan jimloli. An rarraba ƙasar zuwa wurare kimanin ɗari huɗu, kowanne ana ce masa ɗaki ko da fili ne ko daji. Akwai wani ɗan gida, da maƙabarta, da ramin haƙar ma'adini inda wadanni ke zaune, da bakin teku, da tsibirin da wani dodo mai aman wuta ke gadi. Umurni gajere ake bayarwa cikin Turanci, kamar a ce arewa, ko ɗauki fitila, ko buɗe ƙofa. Idan wani ɗan wasa yana ɗakin, za a ga sunansa, ana iya yi masa magana, ko a ba shi kyauta, ko a yi masa sata, ko a auka masa da faɗa.

Babbar hanyar samun maki ita ce tara dukiya. Abin mamaki shi ne, ba a ajiye dukiyar, fadama ake kai ta a jefa ta nutse, sannan a rubuta wa mutum makinsa. Dalilin wannan doka a fili yake. Tun da ƙasar ɗaya ce kuma kowa na cikinta, da an bar dukiya a hannu da wanda ya riga kowa ya kwashe ya zauna a kai, ko kuma a yi ta karɓar lada a kan abu ɗaya. Fadamar takan fitar da abin daga wasa, har zuwa lokacin da za a mai da ƙasar sabuwa, kome ya koma mazauninsa na farko, a sake tsere. Makin da mutum ya tara kuwa yana nan ba ya gogewa.

Ana kuma samun maki ta hanyar warware matsaloli da kashe dodanni masu yawo da kansu. Wasu matsalolin ba sa warwaruwa sai mutum ya nemi taimakon wani, abin da ya tilasta wa baƙi yin magana da juna da ƙulla amana. Amma kashe ɗan wasa ma yana kawo maki, domin wanda ya yi nasara yakan sami wani kaso gwargwadon abin da mamacin ya tara. Saboda haka wanda ya taimake ka ɗaga ƙofa yanzu yana iya juyo maka da takobi an jima.

Tsanin muƙamai

Muƙaman wasan goma ne. Ana farawa daga sabon shiga, a zama mayaƙi da maki 400, daga nan kowane mataki yana bukatar ninkin na bayansa, har a kai na ƙoli, watau boka ko bokanya, da maki 102,400. Muƙamin mutum yana manne da sunansa, duk wanda ya gamu da shi zai gani.

Bartle ya sha bayyana cewa wannan tsani martani ne ga tsarin ajin jama'a na Ingila. Shi mutumin Yorkshire ne a arewacin ƙasar, Trubshaw kuwa daga yankin tsakiya, dukansu ba 'ya'yan masu hali ba ne, kuma a ƙasarsu karin harshen mutum kaɗai kan isa a yanke masa matsayi kafin a ji abin da zai faɗa. A cikin MUD ba a jin karin harshen kowa, ba a ganin fuskarsa, ba a san gidan da ya fito ba. Kowa daga sifiri yake farawa, abin da ya yi da hannunsa shi ke ɗaga shi.

Amma tsani kaɗai bai isa ya tabbatar da cancanta ba, domin ko rago idan ya daɗe yana tara maki zai kai sama. Maganin wannan shi ne dokar mutuwa. Wanda aka kashe a faɗa, wakilinsa ya tafi ke nan har abada, da sunansa da makinsa, sai dai ya koma sabon shiga ko da ya yi watanni yana wahala. Yana iya gudu kafin a gama da shi, amma gudun ma yana cin maki, kuma zai zubar da abin da ke hannunsa. Ga shi kuma gwargwadon hawan mutum, gwargwadon ribar da ke cikin kashe shi. Wannan ya sa wanda ya kai ƙoli ba a shakkar ya san ƙasar ciki da bai, ya san wanda zai amince wa, ya kuma san lokacin tsayawa da lokacin ja da baya. Haɗarin faɗuwa shi ya ba muƙamin daraja.

Bokaye da matsalar iko

Wanda ya zama boka ya fita daga sahun masu neman maki, mutuwa kuma ta daina yi masa barazana. Ana ba shi iko mai yawa: yana iya ɓacewa, ya je duk inda ya so nan take, ya leƙa abin da wani ke rubutawa ba da saninsa ba, ya ɗauke kaya ko dodo daga wani wuri ya kai wani. Watau wanda ya ci wasan shi ake damƙa wa riƙon ƙasar, bisa zaton cewa wanda ya sha wuyar hanya zai ji tausayin masu tafiya a kanta.

Zaton bai cika kullum ba. Wasu bokaye sun zama masu jan ragamar sababbin shiga, masu ƙirƙiro abin raha idan wasa ya yi sanyi. Wasu kuwa sun mai da ikon abin muzguna wa na ƙasa da fifita abokai. Dole ta sa aka sami manyan bokaye a bisansu, waɗanda ke tsawatawa, da ka'idojin abin da ya halatta ga boka da abin da bai halatta ba. A nan wasan ya nuna iyakar tsarinsa, domin gwanintar hawa tsani daban take da adalcin riƙon jama'a. Daga irin wannan lura da halayen mutane ne Bartle ya rubuta maƙalarsa ta 1996, inda ya kasa 'yan wasa gida huɗu: masu neman ɗaukaka, da masu bincike, da masu son hira, da masu farautar 'yan'uwansu. Ya nuna cewa idan kashi ɗaya ya rinjayi sauran fiye da kima, sai duniyar ta watse.

Yaɗuwa da magada

A 1985 Trubshaw da Bartle da Simon Dally suka kafa kamfani domin kasuwancin wasan, suka fitar da sabon bugu mai suna MUD2. A 1987 kamfanin CompuServe na Amurka ya fara gabatar da na asalin da sunan British Legends, a wannan shekara kuma aka rufe na Essex. CompuServe ya riƙe shi har ƙarshen 1999, sannan Viktor Toth ya sake rubuta shi a 2000 domin ya yi aiki a kan na'urorin zamani.

Kafin nan iri ya riga ya bazu. Alan Cox da abokansa sun yi AberMUD a Aberystwyth a 1987, James Aspnes ya yi TinyMUD a 1989 wanda ya fi karkata ga hira da gine-gine, Lars Pensjö ya yi LPMud a Suwidin a wannan shekara, wasu ɗalibai a Jami'ar Kopenhagen kuma suka fitar da DikuMUD a farkon shekarun 1990. Sunan MUD ya tashi daga na wasa ɗaya ya zama na jinsi sukutum. Gaskiya ne akwai wasannin da suka tsiro da kansu, kamar na tsarin PLATO a Amurka da Island of Kesmai, amma reshen Essex ne ya fi 'ya'ya. Da hotuna suka shigo aka sami Meridian 59 a 1996, da Ultima Online a 1997, da EverQuest a 1999 wanda ya ɗauki salon DikuMUD, sannan World of Warcraft a 2004, wanda masu biyan kuɗinsa suka kai miliyan 12 a 2010.

Waɗannan magada sun riƙe tsanin muƙamai, amma galibinsu sun yar da mutuwar dindindin, domin mai biyan kuɗi kowane wata ba ya son aikin shekara ya salwanta cikin minti ɗaya. A 2000 Ultima Online ya raba duniyarsa biyu, ya keɓe ɓangaren da ba a far wa kowa sai da yardarsa. Riƙon ƙasa kuma ya koma hannun ma'aikatan kamfani.

Kammalawa

Wannan sauyi ya buɗe ƙofa ga miliyoyin da ba za su jure tsananin MUD ba, kuma ba ƙaramar riba ba ce. Amma ya canza ma'anar muƙami. A Essex muƙami shaida ce ta abin da mutum ya iya a inda zai iya rasa kome. A yawancin wasannin baya ya zama shaidar yawan sa'o'in da mutum ya zauna, wani lokaci ma ta kuɗin da ya kashe. Tarihin MUD ya nuna cewa wanda ya rubuta dokar hawa shi ke zaɓar irin mutanen da za a tarar a sama, kuma ko an tace su da kyau, sai an tanadi mai tsawata musu bayan sun hau.