Wayar Salula da Yaƙi da Jahilci a Kornaka: Matsalar Baƙaƙe Masu Lanƙwasa a Horon Malamai

Tsakure

Maƙalar ta auna binciken da aka gudanar a Nijar kan amfani da salula a azuzuwan manya da yanayin Kornaka, cikin gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi. Hujjarta ita ce, kafin a kai wa malami intanet, sai an koya masa rubuta Hausa daidai a wayar da ke aljihunsa.

Abin da bincike ya nuna

Tsakanin 2009 da 2011, Jenny Aker, wadda a lokacin take Jami'ar Tufts da ke Amurka, tare da ƙungiyar CRS, sun gwada shirin ABC na yaƙi da jahilci a ƙauyuka 113 na Dosso da Damagaram. An raba waya ɗaya ga kowane rukunin ɗalibai biyar, aka koya musu aika saƙo. Waɗanda suka sami waya sun zarce sauran a rubutu da lissafi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: aji yakan tashi da faɗuwar damina, kowa ya koma gonar hatsi, allo ya tafi hutu, amma saƙo ga ɗan da ya tafi cin rani Kano ba ya jiran kaka.

Daga baya Aker da Christopher Ksoll suka sake gwaji a Maraɗi da Damagaram, inda ake kiran malami da maigari da wasu ɗalibai duk mako. Wannan kiran kaɗai ya ɗaga sakamako.

Inda gizo ke saƙar

A nan ne muke ganin an yi wa batun riƙon sakainar kashi. Ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar ta 1999 ta tanadi ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Ƙaramar waya mai madannai, wadda ita ce a hannun yawancin manoma, ba ta da su. Malami ya wuni yana bambanta wa ɗaliba "baƙi" da "baki", da dare ta latsa lamba 5 sau biyu, "k" ya fito tsirara. Ko a babbar waya ma akwai tarko: harafi ɗaya mai lanƙwasa yakan rage saƙon SMS daga gurbi 160 zuwa 70, kuɗin ya ninku. Talaka kuwa ya san lissafinsa, sai ya yar da lanƙwasar.

Shirin IFADEM na horar da malamai daga nesa ya fi karkata ga Faransanci. Amma tun Maris 2025, Kundin Sake Gina Ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa. Don haka muna ba da shawarar makarantar horon malamai ta Maraɗi ta sanya darasin girka madannin Hausa, da shirya gajerun darussan murya da za a tura ta WhatsApp, waɗanda malamin ƙauye zai sauke ranar da ya shigo Kornaka cajin waya.