Sawun Keke a Kwarin Challawa

A ƙasashen Turai akwai hanyoyi masu tsawo da aka keɓe wa masu keke kaɗai. Wadda ta fi suna ita ce ta bakin kogin Danub, daga Passau a Jamus zuwa Biyana a Ostiriya, tafiyar kilomita sama da 300, tana ratsa gonakin inabi na kwarin Wachau. A Faransa ma akwai ta kogin Luwar mai kusan kilomita 900. Mutum zai ɗaure jakarsa a kariya, ya yi mako guda yana tuƙi daga ƙauye zuwa ƙauye, inda dare ya yi masa nan zai kwana. Idan hotunan wuraren nan suka faɗo mana a waya, mukan ɗauka wasan masu hali ne da bai shafe mu ba. Amma asalin yawancin hanyar Danub turba ce ta aiki, wadda dawakai ke bi suna jan jiragen kaya da igiya zuwa saman kogi. Da jirgi mai inji ya karɓe aikin, turbar ta zauna, daga baya aka gyara ta aka ba masu keke. Mu ma a Kano muna da irin waɗannan turbobi, kuma keken ne da kansa ya shata su.

Keke irin wanda muka sani, mai ƙafa biyu daidai da juna da sarƙa, an fito da shi a Kobentiri ta Ingila a 1885, tayar iska kuma ta biyo baya a 1888. Bai zama abin kowa a ƙasar Hausa ba sai da layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe daga 1912. Jirgin da ke kwasar gyaɗa zuwa Ikko shi ke dawowa da kayan kanti, a ciki har da kekunan Raleigh da Hercules. Manomin da gyaɗarsa ta yi kyau, bayan haraji da tufafin iyali, burinsa keke. Malaman En'e, 'yan baranda masu yi wa manyan 'yan kasuwa irin su Alhassan Dantata awon gyaɗa a ƙauyuka, masinjojin hakimai, duk suka koma kan dokin ƙarfe, wanda ba ya cin dusa ba ya neman harawa. Har lasin hukuma ta sa wa keke, ana biya ana maƙala lamba a jikinsa. Wanda bai mallaka ba kuwa, ga masu ba da haya, ya biya na awa ɗaya ya je ya dawo.

Daga nan sai zamanin masana'antu. Bompai ce ta fara cika tun kafin samun 'yancin kai, Sharaɗa da Challawa suka biyo baya da masaƙu, da majemu, da kamfanonin robobi da na alewa da na man gyaɗa. Kamfanin Raleigh ma ya kafa tasa masana'antar a Bompai, keken da a da sai an yo odarsa daga Notingam ya zama ana harhaɗa shi a gida. Leburori dubbai ba su da halin zama kusa da wurin aiki, suna fitowa ne daga unguwannin gefen gari irin su Hotoro da Dakata da Kawaji, ko daga ƙauyukan Kumbotso da Panshekara. Iyayenmu da suka yi wannan zamani suna ba da labarin yadda titi ke cika da ƙararrawa bayan asuba, kowa da kwanon abincinsa a kariya, da kuma layin kekuna a ƙofar kamfani. A gindin kowace bishiya ta bakin hanya akwai mai faci da famfonsa da kwanon ruwan da yake tsoma tub don gano huda.

A daidai wannan lokaci wata hanyar ta buɗe a kudancin birni, kuma ruwa ne ya buɗe ta. Gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar Tiga a kan kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, aka ja babban lambatu daga can zuwa Ruwan Kanya, aka rarraba shi zuwa filayen Kadawa da Bunkure da Kura da Garun Malam. An tsara kashin farko na aikin ya shayar da hekta kusan 22,000, ruwan kuma yana gangarowa da kansa ba tare da injin turawa ba. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ta karɓi kula da shi. Kowane lambatu yana da turba a gefensa don masu duba ƙofofin ruwa. Turbobin nan shimfiɗaɗɗu ne, tun da ruwan da suke raka ba ya hawa tudu, kuma manyan motoci ba su cika binsu ba. Manoman rani suka mayar da su nasu. A kansu ake ɗauko buhun taki, a kansu kwandon tumatir ke isa Kwanar Gafan, a kansu ake fito da rake da albasa da damin alkama zuwa bakin kwalta.

Wanda ya buɗe taswira a wayarsa zai ga zanen da kansa. Daga Hotoro, titin zagaye na gabas zai sada shi da hanyar Zariya. A wajen Tamburawa zai tsallake kogin Challawa, wanda birni ke shan ruwansa tun da aka buɗe ma'aikatar ruwa ta farko a 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Gaba kaɗan sai Kura, garin marina wanda yanzu shinkafa ta fi ɗaukaka sunansa, sai Kadawa, sai a bi lambatu a nufi Bagauda da Tiga. Wanda ya fi son gabas sai ya miƙe titin Maiduguri ta Mariri zuwa Wudil, kimanin kilomita 40 daga birni, inda ruwan Challawa da na kogin Kano, bayan sun haɗe, ke wucewa ƙarƙashin gada a kan hanyarsu ta zuwa Haɗeja da fadamun Nguru. Ko inabin ma ba mu rasa ba: a ƙasar Kudan, kafin a shiga Zariya, manoma na nomansa, ana sayar da shi don ci.

Me ya sa wannan hanya ta ɓace daga idonmu? Kuɗin Udoji na tsakiyar shekarun 1970 ya sa ma'aikata suka koma babur, keke ya fara zama alamar wanda bai samu ba. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da ƙarancin wuta, da kwararowar kaya masu araha daga waje, suka rufe kamfanoni da yawa a Bompai da Sharaɗa da Challawa, ayarin asuba ya watse. Acaɓa ta mamaye gari har zuwa Janairun 2013 da aka hana ɗaukar fasinja a babur, A Daidaita Sahu ta gaje ta. A duk tsawon shekarun nan an faɗaɗa tituna, an gina gadojin sama da na ƙasa, amma ba a bar wa mai keke ko taku biyu ba. Kogin ma ya sha nasa: ruwan majemu da na rini da ke fita daga Sharaɗa da Challawa ya daɗe yana gangarawa cikinsa, har akwai wuraren da wari ke korar mai wucewa, alhali da ruwan ake ban ruwan lambu.

Sai ga 29 ga Mayu, 2023, aka cire tallafin fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, a shekarar da ta biyo ta wuce 1,000. Kekunan da suka yi tsatsa a zaure suka fito, masu faci suka dawo da aiki. Malamin makaranta, ɗan kasuwa, ɗalibi, duk sun koma sirdi, amma a kan titin da ba a yi don su ba, tsakanin tankokin depon Hotoro da tireloli masu zuwa Maiduguri. Mai keke a yau yana fita ne da addu'a a baki.

Abin da tarihin nan ke nuna mana shi ne, ba sai an kwaikwayi Danub ba. Turbobin lambatun Kadawa suna nan, manoma na binsu kullum. Abin da ya rage shi ne a cike ramukansu, a kafa alamun nisa da sunayen ƙauyuka, a ware gefen titi daga Hotoro zuwa Tamburawa da Wudil, a kuma tilasta tace ruwan masana'antu kafin ya shiga kogi. Matasanmu da wayoyi a hannu za su iya zana turbobin nan a taswirorin intanet da kowa ke iya gyarawa, ko kafin hukuma ta motsa. Wanda zai fara cin amfanin wannan shi ne manomin da ke ɗauke da kwando biyu na tumatir, da yaron da ke zuwa makaranta daga ƙauye. Mai yawon buɗe ido zai biyo baya, ya tsaya a Kura ya sha rake, ya kwana a Bagauda, kuɗinsa ya zauna a hannun mutanen karkara. Sannu ba ta hana zuwa, in dai an bar wa mai sannun inda zai bi.