Sanyin zuciya a zanen Faransa na ƙarshen ƙarni na 19

Tsakanin 1870 da 1900, masu zane da dama a Faransa sun bi tafarkin da ake kira natiralisma. Ƙa'idarsa ita ce kada a zana sai abin da ido ya gani. Daga nan matsala ta taso, domin haƙurin da addini ke sa wa mai baƙin ciki abu ne na zuci, ido ba ya kai gare shi. To, ta yaya za a nuna shi ba tare da mala'iku ko buɗewar sama ba?

Jean-François Millet ne ya share hanya da zanensa L'Angélus (1857-1859). Manoma biyu, namiji da mace, sun ajiye aiki a gonar dankali, sun sunkuyar da kai; majami'ar da ƙararrawarta ta tsayar da su tana can nesa, da ƙyar ake hangen ta. Millet ya ce kakarsa ya tuna, wadda takan dakatar da su a gona su yi wa mamata addu'a. A nan addinin duka yana cikin tsayuwar jiki.

Zamanin ya ƙara wa al'amarin nauyi. Yaƙin 1870-1871 ya raba Faransa da Alsace da wani yanki na Lorraine. Dokar Jules Ferry ta 1882 kuma ta fitar da koyarwar addini daga makarantun firamare na gwamnati. Duk da haka, jama'ar Paris ta ci gaba da tururuwa gaban hotunan masu ibada, irin matan Bretagne da Pascal Dagnan-Bouveret ya zana a 1886 da 1887.

Misali mafi bayyana shi ne Émile Friant, haifaffen Dieuze, garin da ya koma hannun Jamus a 1871. A La Toussaint (1888), iyali sanye da baƙaƙen tufafi suna tafe da furanni zuwa maƙabartar Préville ta Nancy, yarinya a gaba tana shirin ba wani mabaraci sadaka. A La Douleur (1898), mace ce ta duƙa bakin kabari, wasu mata suna riƙe da ita kada ta faɗi.

Masana sun yi saɓani: wasu na ganin imani a waɗannan zane-zane, wasu na ganin adana al'adar da ake tsoron gushewarta. Abin da hotunan kansu suka tabbatar shi ne, mai zane ya mayar da sanyin zuciya aikin jama'a: tafiya tare, sadaka, hannu a kafaɗa. A 1905 doka ta raba gwamnati da majami'a, amma har yau mutanen Faransa suna kai furanni maƙabarta ranar 1 ga Nuwamba.