Daga Tudun Wada zuwa Shika: Yadda Zariya Ta Fara Yaye Likitoci

A shekarar 1967 aka buɗe tsangayar koyon aikin likita a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, a lokacin da ƙasa ke cikin wani hali. Sardauna, wanda ya kafa jami'ar a 1962, an kashe shi a Janairun 1966. A Mayun 1967 aka raba Jihar Arewa gida shida, a Yuli yaƙin basasa ya ɓarke, ma'aikatan lafiya 'yan gabas da dama kuma sun riga sun koma gida. Wanda ke riƙe da jami'ar a lokacin shi ne Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, wanda ya shugabance ta daga 1966 zuwa 1975. Ya san wahalar abin da kansa: ɗan Arewa mai son zama likita sai ya nufi Ibadan ko Legas, ko ya ƙetare teku kamar yadda Dokta Barau Dikko ya yi.

Asibitin koyarwa kuwa babu shi a gine. Sai jami'a ta karɓi asibitocin gwamnati da ke nan tun da, na Tudun Wada a Zariya, da na Kaduna, da na Malumfashi, ta haɗa su ƙarƙashin cibiyar lafiya guda. Ɗalibi na karatu a Samaru, duba marasa lafiya kuma ya kai shi gari ko ƙauye. Kowa na ganin wannan zaman wucin gadi ne. A ganina, shi ne babban rabon da makarantar ta samu, domin ya zaunar da malamai da ɗalibai a bakin ƙofar talaka, suka ga cututtukan ƙasar Hausa yadda suke.

Dubi maganar jego. Farfesa Eldryd Parry, da ya zo a 1969, shi da abokin aikinsa Neil Davidson sun lura cewa mata na cika gadaje da kumburin jiki da haki bayan haihuwa, zuciya ta gaza. Suka bi sawu har ɗakin mai jego: kunun kanwa mai yawan gishiri, wankan ruwan zafi safe da yamma, da kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi. Jiki ya tara ruwa, zafi ya ƙara wa zuciya aiki. Duk wanda ya tashi a Dogondutsi ko Tibiri ya san wannan al'ada sarai, don iyaka ba ta raba ta ba. Ba raina kakanninmu ba ne a ce kanwar ta yi yawa.

Haka sanƙarau, wanda ke zuwa da bazara ya tafi da saukar damina, daga Zariya har Dosso. Brian Greenwood ya shafe kusan shekara goma a Zariya yana fama da shi. A nan aka gwada allura guda ta chloramphenicol mai mai, aka ga tana iya tsayawa a madadin allurai na kwana da kwanaki. Ga ƙaramin asibitin karkara da annoba ta cika, ma'aikaci ɗaya ko biyu, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma daga baya aka sake gwada hanyar a Yamai da Bamako ta tabbata. David Warrell kuma ya bi saran kububuwa. Gwajin da ya fito da shi har yau ana yi: a zuba jinin wanda aka sara a kwalba mai tsabta, a jira minti 20, in bai daskare ba dafi ya shiga jini, a ba da magani.

Aikin da ya fi taɓa ni shi ne na Farfesa Kelsey Harrison. Daga 1976 zuwa 1979 shi da ma'aikatansa sun rubuta bayanin haihuwa 22,774 a Zariya, aka buga sakamakon a 1985. Ya nuna cewa matan da ke mutuwa galibi waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba ne, aka kawo su bayan doguwar naƙuda, da yawa ƙananan yara mata, kusan duk ba su shiga makaranta ba. Harrison ya dage cewa ilimin 'ya mace na cikin maganin. Shekara biyu bayan haka aka ƙaddamar da shirin kare rayukan masu haihuwa na duniya a Nairobi, kuma alƙaluman Zariya na cikin hujjojin da suka ta da hankalin masana.

Mazaunin dindindin ya daɗe bai samu ba. Ginin Shika, can gaba da Samaru a hanyar Funtuwa, ya yi shekaru yana tafiyar hawainiya saboda ƙarancin kuɗi, sai a 2005 Shugaba Obasanjo ya buɗe shi, shekara 38 bayan kafuwar tsangayar. Aka tattaro sassan wuri guda, aka sami ɗakunan tiyata na zamani da sashen gashin cutar daji, wanda ake turo masa marasa lafiya daga jihohi masu nisa. Kafin nan Zariya ta riga ta haifi wasu: likitocinta sun watsu sun koyar a Maiduguri da Sakkwato da Kano, inda aka kafa asibitin koyarwa na Aminu Kano a 1988.

Shika ta ba makarantar gida, amma ta fitar da ita bayan gari. Matar da naƙuda ta kama da tsakar dare a cikin birnin Zazzau sai ta nemi kuɗin mota kafin na magani, ɗalibi kuma ya fi ganin wanda aka turo bayan ciwo ya ci jiki. Cibiyar lafiyar yara ta Banzazzau tana nan cikin birni, kuma irin waɗannan rassa nake so hukumar asibitin ta fara tunawa da su duk lokacin da ake kasafin kuɗi da rabon ɗalibai.