Magarya da Kurna a Gwammaja

Da Bature matafiyi Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya tarar ganuwa ta kewaye fili mai yawan gaske da ba gidaje, sai gonaki. Jama'a sun fi taruwa kudu da Dutsen Dala. A irin wannan fili na arewa Gwammaja ta tashi daga baya, unguwar da Malam Aminu Kano ya zauna a gidan Mumbayya har rasuwarsa a 1983. Magarya da kurna kuwa itatuwan irin wannan ƙasa ne, ba mai shuka su, ba mai ba su ruwa. Gaba kaɗan, kan titin Katsina, ga unguwa guda ana ce mata Kurna.

Da sanyin hunturu 'ya'yan magarya ke nuna, su yi ja-ja, fatar ta yamutse. Yaro ya watsa a baki, ya tsotse garin mai zaƙi da ɗan tsami, ya tofar da ƙwallon. Ganyenta kuwa shi ake dakawa a zuba a ruwan wankan gawa, kamar yadda sunna ta koyar, don haka ba gidan da bai san ta ba. Har abinci ake yi da ita. A 1796 wani Bature matafiyi, Mungo Park, ya ga mutanen yankin da ake kira Mali a yau suna shanya 'ya'yan, su daka a turmi, su cura garin da ruwa, su busar a rana.

Mutanen Sin ma suna da wata mai kama da ita, shanja, ja ce mai tsami, ko da yake ba magarya ba ce. Littafin magunguna na Li Shizhen da aka buga a 1596 ya ambace ta wajen narkar da abinci, musamman nama. Sun dasa ta gonaki-gonaki a arewacin ƙasarsu. A Bejin, da sanyi, a jera ta a tsinke, a tsoma a narkakken sukari, kamfanoni kuma na yin alewa da ita.

Abin da ke ci mini rai shi ne tamu har yanzu a kan faranti take, a ƙofar makarantar firamare, ana aunawa da ɗan gwangwani, kuma daga ƙauye ake kawo ta, don gini ya cinye filin. Alhali hanya a buɗe take: a Sadore kusa da Yamai, cibiyar binciken noma ta ICRISAT ta aurar da magaryar Indiya a kan tamu ta daji, 'ya'yan suka fito manya masu ruwa, manoman Nijar na kai su kasuwa.