Talipes equinovarus: ma'anar sunan da likita ya rubuta a katin jaririnku

Idan an haifi jaririnku da ƙafa a lanƙwashe, tafin na kallon ciki, wataƙila kun ga an rubuta talipes equinovarus, ko CTEV a taƙaice, a katinsa na asibiti. Tsawon sunan kan tsorata iyaye, alhali kwatancen siffar ƙafar ne kawai.

Kalmomin daga harshen Latin suke. Talipes haɗi ne na talus, wato idon sawu, da pes, wato ƙafa, saboda yaron da ba a yi wa magani ba kan taka gefen ƙafarsa, kamar mai tafiya a kan idon sawu. Equino daga equus ne, doki: diddige ya ɗage sama, yatsu sun nufi ƙasa, irin tsayuwar doki a kan kofato. Varus kuma na nufin karkata zuwa ciki. Harafin C na farko yana nuna cewa da ita aka haife shi.

Kusan jariri 1 cikin 1,000 ake haifa da wannan larura. Ta fi samun maza, kuma kusan rabin yaran ƙafa biyu ne ke lanƙwashewa. Ba shan inna ba ce, ba kuma wani abu uwa ta ci ko ta tsallaka ba, duk da abin da za ku ji a bakin 'yan barka. Takan bi jini a wasu gidajen.

Ana gyara ta ba tare da babbar tiyata ba, ta hanyar da Dakta Ignacio Ponseti ya samar a Jami'ar Iowa da ke Amurka. Kowane mako ana miƙar da ƙafar a hankali a ɗaure ta da filasta, wanda mutane ke kira siminti, kamar sau 5 zuwa 8. Yawancin yara kan buƙaci ɗan ƙaramin yanka a jijiyar agara. Daga nan sai takalmi mai sandar ƙarfe: awa 23 a rana na wata 3, sannan lokacin barci har shekara 4 ko 5. A wannan matakin iyaye kan gaji, kuma barin takalmin ne ya fi jawo ƙafar ta koma yadda take.

Wannan ba karaya ba ce, don haka ba aikin mai ɗori ba ne. Ku kai jaririn asibitin da ke da likitan ƙashi, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, tun cikin makonnin farko, lokacin da ƙafar take da laushi. Ko yaron ya riga ya fara tafiya, ku kawo shi, ana iya gyarawa.