Faifan sauti mai tsananin tsabta: mene ne shi, kuma ya cancanci kuɗin mai tara waƙoƙi?

Mai yawan shiga kasuwar Alaba a Legas, wajen masu kayan sauti na tokumbo, wataran zai iya cin karo da faifai mai kama da CD sak, amma an rubuta SACD ko DVD-Audio ko Blu-ray a jikin kwalinsa. Mai kaya zai ce maka ai wannan ya fi CD nesa ba kusa ba, kamar mawaƙin na zaune a gabanka. To, ga bayanin waɗannan fayafayai, da amfaninsu, da inda suka dosa, musamman ga mutanenmu mazauna Kudu da suka baro akwatunan kaset a gida, irin su Yerimaram da sauran unguwannin Potiskum.

Asalinsu

Kamfanonin Sony da Philips ne suka fito da CD a 1982. A 1999 suka sake haɗuwa suka fito da SACD, da nufin ya gaji CD. A 2000 wani rukunin kamfanoni, ciki har da Panasonic, ya shigo kasuwa da DVD-Audio. Aka yi ta kishiya tsakanin biyun, na'urar wannan ba ta karanta na wancan, masu saye suka rasa wanda za su kama. Ana cikin haka MP3 da iPod suka kwashe jama'a. Kafin 2007 DVD-Audio ya kusa zama tarihi. Blu-ray ya fito a 2006 domin fina-finai, daga baya aka riƙa buga waƙa zalla a kansa, kamar yadda kamfanin Universal ya fara yi da sunan Pure Audio a 2013.

Me lambobin ke nufi?

Idan za a mayar da murya lambobin kwamfuta, na'ura tana auna sautin sau dubbai a kowace daƙiƙa, kamar mai ɗaukar hoto ba ƙaƙƙautawa. CD yana aunawa sau 44,100 a daƙiƙa, kowane awo da bit 16, wato matakan ƙarfin sauti 65,536. DVD-Audio da Blu-ray suna iya kai wa sau 192,000 da bit 24, matakai sama da miliyan 16. Shi SACD hanyarsa daban ce, ana kiranta DSD: bit ɗaya tak, amma sau 2,822,400 a daƙiƙa, ninki 64 na CD ke nan. Shi ya sa suke cin wuri. CD yana ɗaukar kusan megabait 700, SACD gigabait 4.7, Blu-ray kuwa gigabait 25 ko fiye.

Wani abin da suka fi CD da shi shi ne sauti mai kewaye. CD hanya biyu gare shi, dama da hagu. Waɗannan suna iya raba sauti hanya shida, sifiku biyar da babbar sifika ɗaya mai gurnani, sai ka ji kiɗa ta gaba da ta baya.

Kunne yana jin bambancin?

Nan ne gardama take. Kunnen matashi mai lafiya yana ji har zuwa kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, kuma da shekaru abin yana raguwa. CD ya riga ya kai 22,050, ya wuce iyakar kunne. A 2007 wasu masana biyu a Amurka, Meyer da Moran, suka gwada mutane sau ɗaruruwa ba tare da sun san wanne aka kunna musu ba. Amsar da suka bayar daidai ba ta wuce rabi ba, daidai da canki-canka. A 2016 Joshua Reiss na Jami'ar Queen Mary ta Landan ya tattara gwaje-gwaje da dama, ya ce akwai ɗan bambanci kaɗan, kuma waɗanda aka horar da kunnensu sun fi kama shi.

To me ya sa wasu SACD suke da daɗin ji ƙwarai? Galibi saboda kamfanin ya koma kan tef na asali, wanda aka naɗi mawaƙin a kansa tun farko, ya kwafe shi cikin natsuwa da ƙwararren injiniya. Aikin da aka yi kafin a buga faifan shi ne yawancin abin da kunne ke yabawa. Idan an naɗi waƙa da ƙaramar rikoda a gidan biki, ko a zuba ta a faifan zinariya, hayaniyar na nan yadda take.

Bambancin da kowa zai iya ji shi ne tsakanin CD da matsattsen MP3 irin wanda masu tura waƙa a waya suke zuba wa mutane a memori. CD yana tafiya da kilobit 1,411 a daƙiƙa, MP3 na gama-gari 128. Idan kuma aka matse waƙar, aka sake matsewa, aka ɗauko ta daga bidiyon da ya sha yawo a WhatsApp, sai ka ji kalangu ya koma kamar ana dukan kwali.

Ina waƙoƙinmu a ciki?

Yawancin abin da ake bugawa a SACD kiɗan Turawa ne na manyan ƙungiyoyin goge, da jaz, da tsofaffin waƙoƙin Amurka da Ingila. Japan ce babbar kasuwarsa, sai kamfanoni irin su BIS na Suwidin da Mobile Fidelity na Amurka. Waɗannan ba su waiwayi waƙar Hausa ba. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, shekarar da SACD ya fito. Musa Ɗanƙwairo ya riga shi, a 1991. Waƙoƙinsu, da na Ɗan Maraya Jos da Barmani Coge, sun iso mu ne ta faifan garmaho, irin waɗanda EMI ya buga wa Shata, da tef ɗin gidajen rediyo irin su Rediyon Kaduna, sannan kaset, wanda aka yi ta kwafa daga wani zuwa wani, kowane kwafi yana rage wani abu.

Inda masu tarawa na waje suka kula da kiɗan yankinmu, garmaho suka zaɓa. A 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da kiɗan da Mamman Sani na Nijar ya naɗa a kaset tun 1978. A shekarar dai ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin fina-finan Hausa. Kun ga ke nan tsohon kaset da mutum zai raina a ƙasan akwati yana iya zama shi ne tushen da za a nema gobe.

Makomar faifan

Matsalar farko na'ura ce. Oppo, wanda na'urorinsa ke karanta kusan kowane irin faifai, ya sanar da daina ƙera su a 2018. Samsung ya daina fitar da sababbin na'urorin Blu-ray a Amurka a 2019. Idan idon na'urar ya mutu, samun wani a nan ba ƙaramin aiki ba ne. SACD kuma an kulle shi, kwamfuta ta yau da kullum ba ta karanta shimfiɗarsa mai tsabtar, balle a kwafa a ajiye.

Ta biyu, tsabtar da faifan ke taƙama da ita yanzu tana zuwa ta intanet. Qobuz da Tidal suna da ita, Apple Music ma ya shigo da ita a 2021. Su kuma masu son riƙe abu a hannu sun karkata ga garmaho: a Amurka, a 2022, an sayar da faifan garmaho kusan miliyan 41, CD kuwa miliyan 33.

Don haka faifan zai ci gaba da zama kayan 'yan ƙalilan masu sha'awa. Darajarsa a wurinsu tana nan: naka ne, ba ruwanka da data ko kuɗin wata, ba wanda zai goge maka shi, kuma waɗanda aka buga kaɗan suka ƙare sukan yi tsada a hannun masu tarawa. Sai dai a Najeriya masu sayensa ba su da yawa, kada wani ya ɗauke shi jari.

Kafin ka saya

Duba ko SACD ɗin mai shimfiɗa biyu ne, wanda suke rubuta Hybrid a kwalinsa. Irin wannan yana yi a kowace na'urar CD, amma sautin CD za ka ji. Duba wutar na'urar tokumbo: ta Japan 100 ce, ta Amurka 120, tamu 230, in ba ka sa taransifoma ba ƙonewa za ta yi. Sannan in sifikunka ba su da kyau, fara sa kuɗin a kansu tukuna.

Abin da ya fi gaggawa

A 2008 gobara ta cinye rumbun ajiyar Universal a Amurka, tef na asali masu ɗimbin yawa suka tafi. Namu ba sai an yi gobara ba. A Potiskum zafin Afrilu yana kai wa digiri 40, ga ƙurar hunturu, tef yana saki, garmaho yana lanƙwashewa. Wanda ya ɗauko kayansa a tirelar shanu ya kawo Agege ko Sabon Ibadan kuma, laima da fumfuna ne ke jiransu. CD ɗin da aka ƙona a shago shi ma rana tana kashe shi.

Nan ne ilimin sauti mai tsabta zai yi mana rana. Ƙungiyar masu adana sauti ta duniya, IASA, ta ba da shawarar a kwafi tsohon tef a kan awo 96,000 da bit 24, a ajiye shi a matsayin WAV ba tare da matsewa ba. Kaset na awa ɗaya zai ci kusan gigabait 2, FLAC yana rage kusan rabi ba tare da zubar da komai ba. A samu rikoda mai lafiya, a goge kanta, a haɗa ta da kwamfuta ta waya, kada a kara makirufo a bakin sifika. A rubuta sunan mawaƙi, da wanda aka yi wa waƙar, da wuri da shekara in an sani. A ajiye kwafi uku a wurare daban: ɗaya a hannunka a Kudu, ɗaya a gida, ɗaya a intanet. MP3 na waya a cire shi daga wannan kwafin. Shi kuma kaset ɗin a mayar da shi kwalinsa, a tsaye, a inuwa, nesa da sifika saboda maganaɗisunta.

Haka za a yi wa kaset ɗin tafsiri da wa'azi, da na bikin gida da aka naɗi muryar iyaye da kakanni. Masu zuwa gida da Sallah, a buɗe akwatin nan a duba.